Korona da Ciwon Mayasteniya: Fatar Idon da Ke Sauka Kafin a Tashi Aiki

Mayasteniya girabis ciwo ne da ke raunana tsokokin da mutum ke motsawa da nufinsa: na fatar ido, na ƙwayar ido, na tauna da haɗiya, na wuya da kafaɗa da cinya, wani lokaci har da na numfashi. Sunan haɗin Girkanci ne da Latinanci, ma'anarsa matsanancin raunin tsoka, kuma wani likita Bajamushe, Friedrich Jolly, shi ya raɗa shi a 1895. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani, kuma ba ya cikin cututtukan da uba ke gadar wa ɗa kai tsaye. Garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa mai ita. Abin da ya raba shi da sauran cututtuka masu kashe jiki shi ne yanayin rauninsa, domin yana ƙaruwa da aiki, yana raguwa da hutu. Mutum ya tashi da asuba garau, kafin la'asar fatar ido ta sauko, muƙamuƙi ya gaji da tauna, hannu ya kasa kai kaya bisa kanta. Ya kwanta ya huta, ƙarfi ya dawo kamar ba a yi ba.

Wannan hali na yanzu lafiya anjima babu shi ke jawo wa mai ciwon zargi, musamman a inda ake auna mutum da abin da hannunsa ya fitar. Unguwannin masana'antun Kano uku, wato Bompai da ta girme su tun ƙarshen zamanin Turawa, da Sharaɗa mai kashi uku, da Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, cike suke da irin aikin da ke tona asirin ciwon. A majema ana ɗaga jiƙaƙƙiyar fata ana saukewa tun safe. A kamfanin roba da na tabarma ana tsaye gaban inji mai huci, ido a kan abu guda, hannu yana maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa. A wurin lodi ana saɓa buhu. Lebura mai mayasteniya yakan fara aiki daidai da kowa, ya sare tun kafin a tashi, washegari ya dawo da ƙarfinsa. Mai kula da ma'aikata ya ce lalaci ne. Abokan aiki, ganin ido yana lumshewa murya tana narkewa, su ce shaye-shaye ya fara. A gida kuma a ce sammu ne ko iska.

Ciwon ba shi da yawa. A ƙasashen da aka ƙirga, mutum 150 zuwa 250 ake samu a cikin miliyan ɗaya. Sai dai a birni mai miliyoyin jama'a kamar Kano, wannan lissafi ɗaruruwan mutane yake nufi. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40, da maza daga shekara 50 zuwa sama, ko da yake yana iya kama yaro.

Inda matsalar take shi ne mahaɗar jijiya da tsoka. Ƙwaƙwalwa tana aika umarni ta jijiya, amma bakin jijiya bai manne da tsoka ba, akwai ɗan gibi a tsakani wanda ido ba ya gani. Umarni sai an yi fitonsa, kamar yadda ake fiton mutane idan kogi ya kawo da damina. Bakin jijiya yana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne kwalekwalen. A gaɓar tsoka akwai mashigai da aka tanadar masa, idan ya sauka a isassunsu sai tsoka ta motsa. Nan take wani sinadarin ya zo ya wargaza shi, a share hanya saboda umarni na gaba. A jikin mai mayasteniya, garkuwa tana ƙera wasu makamai da likitoci ke kira antibodi, su toshe wasu mashigan, su rushe wasu. A farkon aiki jijiya tana sakin sinadarin da yawa, don haka ko da mashigai sun ragu ana samun wurin sauka. Da aiki ya miƙa, abin da take saki yana raguwa. Lafiyayye ba ya jin wannan ragi saboda mashigansa sun yi rara, amma mai ciwo sai umarninsa ya riƙa faɗawa ruwa. Kimanin 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya game jikinsu ana samun wannan antibodi a jininsu. Wasu kaɗan nasu wani iri ne dabam, wanda aka gano a 2001. Akwai kuma wata gaɓa a bayan ƙashin ƙirji, ana ce mata taimus, inda garkuwa ke koyon bambanta na gida da baƙo, kuma 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon ana samun ƙari a jikinta.

Tun 1672 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da labarin wata mata da takan yi magana na ɗan lokaci sai murya ta ɗauke, ba ta dawowa sai ta huta. Magani bai samu ba sai bayan shekara fiye da 250, kuma asalinsa daga Najeriya ya fito. A yankin Kalaba akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik ke bai wa wanda ake zargi da maita a da. A 1864 masana a Jamus suka tatso sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin, wanda aikinsa shi ne hana wargaza asetilkolin. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai mayasteniya allurarsa, matar ta buɗe ido ta iya haɗiya, na 'yan awoyi. Firidostigmin, ƙwayar da ake sha yau da sunan Mestinon, jikan wancan wake ne. Ba ya gyara mashigan da suka rushe, yana dai ƙara wa kwalekwale lokaci ne a kan ruwa. Sai a 1960 John Simpson ya kawo hasashen cewa garkuwa ce ke ɓarnar, a 1973 kuma Patrick da Lindstrom suka tabbatar da haka a jikin zomaye.

Korona, wadda ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a Disambar 2019, an tabbatar da shigowarta Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, sannan Kano ranar 11 ga Afrilu. Gwamnatin jiha ta sa dokar kulle daga 16 ga wata, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano baki ɗaya na mako biyu. An keɓe masu cutar a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A makonnin ne aka yi ta jana'izar dattawa, har daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni, kuma 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sila ko ta taimaka. Ga mai mayasteniya, wancan Afrilu ya tara duk abin da ciwonsa ba ya so. Watan ne mafi zafi a Kano, azumi ya kama ranar 24, zuwa asibiti ya yi wuya, ga zazzaɓi yana yawo, ga magunguna ana sha barkatai.

Alaƙar da ta fi tabbata tsakanin cututtukan biyu ita ce korona tana tsananta mayasteniya ga wanda ya riga ya kamu. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun kafin korona an san cewa cutar ƙirji, daga mura mai tsanani zuwa nimoniya, ita ce kan gaba wajen jefa mai ciwon cikin halin da tsokar numfashi ke kasawa. Mutum 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon sukan shiga wannan hali ko da sau ɗaya a rayuwarsu. Zazzaɓi da kansa yana ƙara lalata fiton umarni, saboda mahaɗar jijiya da tsoka ta fi aiki cikin sanyi. Garkuwar da aka tayar domin yaƙar baƙo kuma ba ta tsayawa a kan baƙo kaɗai. Sannan magungunan da ake danne garkuwa da su, irin su firednisolon da azatiyofirin, suna rage wa jiki ƙarfin kare kansa.

An yi ƙoƙarin auna girman haɗarin. A Disambar 2020 wata rajista ta likitocin jijiya daga ƙasashe daban-daban ta fitar da bayanin mutum 91 masu mayasteniya da suka kamu da korona: 36 ciwonsu ya tsananta, 22 suka rasu, wato kusan 24 cikin 100. Adadin ya firgita mutane, amma yana buƙatar a karanta shi da hankali, domin likita ya fi tunawa da kai rahoton wanda ya kwanta magashiyyan a kan wanda ya yi tari kwana uku a gida ya warke. A Jamhuriyar Cek, inda aka bi mutum 93, waɗanda suka rasu 10 ne. A Faransa, cikin masu ciwon 3,558 da ke rajista, 34 ne aka samu da korona a zangon farko na annobar, 5 suka rasu. Alƙaluman sun saɓa, amma sun haɗu a kan su wa suka fi shiga haɗari: tsofaffi, da waɗanda ciwon bai lafa ba kafin korona ta same su, da masu raunin numfashi tun asali, da masu shan firednisolon mai yawa na dogon lokaci. Wanda ciwonsa ya kwanta, yana shan magani a kan ƙa'ida, galibi ya wuce da ita kamar kowa.

Magana ta biyu ta fi jan kunne, kuma ta fi rauni. A Agustan 2020 likita Domenico Restivo na birnin Kataniya a Italiya da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 3 da ba a taɓa sanin suna da ciwon jijiya ba, waɗanda alamun mayasteniya suka bayyana musu kwana 5 zuwa 7 bayan fara zazzaɓin korona, kuma aka sami antibodin a jininsu. Rahotanni irin wannan suka biyo baya daga ƙasashe da dama. Bayanin da aka fi kawowa shi ne kamanni: wani sashe na jikin ƙwayar cutar yana iya kama da mashigin asetilkolin, garkuwa ta ƙera makami domin baƙo, makamin ya dace da ɗan gida. Wani bayanin kuma shi ne tarzomar da korona ke tayarwa a garkuwa tana kwance wasu ƙwayoyin da tun can suna da mugun nufi amma an ɗaure su.

Sai dai kwana 5 ko 7 ya yi kaɗan a ce jiki ya ƙera sabon makami, ya tara shi, har ya rushe mashigai da yawan da za a ga alama. Abin da hankali ya fi karɓa a yawancin waɗannan mutane shi ne ciwon da ma yana nan yana ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi, zazzaɓi ne ya hura shi ya fito fili. Akwai kuma batun lissafi. Mutum fiye da miliyan 700 aka tabbatar sun kamu da korona a duniya, ban da waɗanda ba a gwada ba. A cikin taro irin wannan dole a sami waɗanda mayasteniyarsu za ta fara a watan da suka yi korona, ko da babu abin da ya haɗa su. Rahoton ɗaiɗaikun mutane yana buɗe ƙofar bincike, ba ya yanke hukunci. Saboda haka cewa korona tana haddasa mayasteniya magana ce mai yiwuwa wadda ba ta kai matsayin tabbas ba, amma cewa tana tono ɓoyayyiya abu ne da likitoci ke aiki da shi.

Alaƙa ta uku ba a jikin ƙwayar cutar take ba, a kan kantar kemis take, kuma ita ta fi shafar ma'aikacin Sharaɗa da Challawa da Bompai. Wanda ake biya da yini ba ya ajiye aiki ya je layin asibiti saboda zazzaɓi. Yana tashi ya biya kemis a haɗa masa na maleriya da na taifot. A watan Maris 2020, da shugaban Amurka na lokacin ya yabi kulorokwin, aka yi rububinsa a Najeriya, duk da cewa tun 2005 ƙasar ta sauke shi daga matsayin maganin farko na maleriya, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da rahoton waɗanda ya yi wa illa saboda shan da ya wuce kima. Aka haɗa shi da azitiromaisin a matsayin maganin korona. Dukansu biyu suna cikin magungunan da aka daɗe da sanin suna raunana mahaɗar jijiya da tsoka. Babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna a Yunin 2020 cewa haidiroksikulorokwin ba ya rage mutuwa ga waɗanda korona ta kwantar a asibiti, a Disamba kuma aka sami irin wannan sakamako a kan azitiromaisin. Mai mayasteniya da ya sha su ya ɗauki haɗari ne a kan amfanin da babu.

Jerin bai tsaya nan ba, kuma bai tafi da annobar ba. Sifro, wanda ake miƙa wa duk wanda aka ce yana da taifot, da ɗan'uwansa lebofuloksasin, tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta sa musu gargaɗi mafi tsanani game da masu wannan ciwo. Akwai allurar jantamaisin, akwai kwinin. Akwai wasu magungunan hawan jini irin su furofaranolol da atenolol, har da timolol da ake ɗiga wa mai hawan jinin ido. Akwai magniziyam salfet, allurar da ta ceci rayukan mata masu jijjiga a asibitocin haihuwa na Kano, amma ga mai ciki mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. Kasancewar magani a wannan jeri ba ya nufin haramci har abada. Wani lokaci likita yakan ba da shi da gangan idan babu madadi, yana sa ido a kan numfashi. Bambancin shi ne likitan ya san wa yake bai wa, mai kemis da ba a faɗa masa ba kuwa bai sani ba.

Magungunan dangin firednisolon suna da fuska biyu. Deksametazon, wanda gwajin Oxford ya nuna a Yunin 2020 yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, ɗan gidansu ne, kuma su ne ginshiƙin maganin mayasteniya. Amma idan aka fara su da yawa lokaci guda, rauni yakan ƙaru a mako ɗaya ko biyu na farko kafin sauƙi ya zo. Wanda kuma ya daɗe yana sha, ya yanke rana ɗaya don tsoron kada garkuwarsa ta yi ƙasa, ya jawo wa kansa masifa biyu: ciwo ya taso, jiki kuma ya rasa sinadarin da ya saba samu daga waje. Shi ya sa tun farkon annobar ƙwararrun ciwon suka fitar da shawara guda, cewa a ci gaba da magani yadda aka saba, kada a rage kada a daina sai da izinin likita.

Wurin da cututtukan biyu ke karo mafi muni shi ne numfashi, kuma kowace da hanyarta. Korona huhu take lalatawa, iska ta shiga amma ta kasa ratsawa cikin jini. Mayasteniya ba ta taɓa huhu, tsokokin da ke buɗe ƙirji da rufe shi take gajiyarwa. Misalin maƙera ne: a ɗaya gawayi ne ya jiƙe, a ɗaya kuma mai zuga ne hannunsa ya mutu. Idan suka haɗu a jiki ɗaya, huhun da ya ƙara nauyi yana neman ƙarin aiki daga tsokar da ba ta da shi. Nan ne 'yar na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, wadda ta yi suna a lokacin annoba, take iya yaudara. Ga mai raunin tsokar numfashi, lambar tana iya tsayawa a 96 ko 97 alhali gurɓatacciyar iska tana taruwa a jini, ba ta faɗuwa sai an kusa makara.

Alamun da suka fi na'urar gaskiya ana ganinsu da ido. Mutum ya kasa kwanciya rigingine sai a zaune. Magana ta koma gajeru-gajeru, yana tsayawa shan iska a tsakiyar jimla. Tari ya rasa ƙarfi, yawu ya taru a baki, ruwa ya riƙa sarƙe shi ko ya fito ta hanci, wuya ya kasa riƙe kai. Akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: ya ja numfashi ɗaya ya cika ƙirji, ya yi ta ƙirge a fili. Lafiyayye yakan wuce 30, wanda ya kasa kai 20 yana bakin haɗari. Mai irin wannan hali ba a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo, domin huhu za su tafi. A zaunar da shi, a kai shi asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman, ana tafe ana addu'a. A can, ban da na'urar numfashi, akwai hanyoyi biyu masu saurin aiki: ƙarin sinadarin kariya da aka tato daga jinin mutane da yawa, ko tace ruwan jini a fitar da antibodin. Dukansu suna da tsada. A farkon shekarun 1960 kusan 40 cikin 100 na waɗanda suka shiga wannan hali ba sa fita. Yau, inda kayan aiki suka wadata, abin ya sauko zuwa kimanin 5.

Tun bayan annobar, gajiyar bayan korona ta zama sunan da ake laƙaba wa kowace irin kasala, kuma mayasteniya tana iya ɓuya a ƙarƙashinsa. Mai gajiyar bayan korona jikinsa duka ne ke nauyi, tun safe, da ciwon gaɓoɓi da mantuwa da rashin barci, amma idan aka gwada tsoka ɗaya-ɗaya ƙarfinta yana nan. Mai mayasteniya tsoka takamaimai ce ke kasawa, kuma kusan rabinsu da ido abin ke farawa: fatar ido ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko a riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Babu zugi, babu mutuwar fata, hankali garau. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, ta kama gefe guda, kuma barci ba ya ɗage ta.

Likita yakan sa mutum ya kafa ido sama na minti ɗaya, ya ga ko fatar za ta sulalo. Yakan ɗora ƙanƙara a kan rufaffen idon na minti 2, idan fatar ta ɗaga bayan an cire, alama ce mai ƙarfi. Daga nan sai gwajin jini, da gwajin jijiya da ɗan lantarki, da hoton ƙirji domin duba taimus. Saboda ido ne ke fara kuka, da yawa asibitin ido suke fara zuwa, irin na ECWA a Sabon Gari ko na Makka, kuma wannan ba ɓatan hanya ba ne matuƙar an bayyana cewa abin yana ƙaruwa da yamma. Amma mai ciwon na likitan ƙwaƙwalwa da jijiya ne, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Rigakafin korona ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan allura miliyan 4 ta AstraZeneca. Kano tana da dalilanta na ɗari-ɗari da allura, tun gwajin maganin Trovan na 1996 da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, kuma mai ciwon garkuwa yana da ƙarin dalilin tambaya. An sami rahotannin ɗaiɗaikun da ciwonsu ya motsa ko ya fara bayan allurar. Amma da aka bi masu mayasteniya fiye da 4,000 a lardin Ontariyo na Kanada, waɗanda aka kwantar saboda tsanantar ciwon cikin kwana 30 da allurar farko ba su kai 6 ba, alhali mace-macen korona a cikinsu ya zarce na sauran jama'a. Alluran korona da aka yi amfani da su a nan babu wadda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai iya hayayyafa. Wadda ke buƙatar taka-tsantsan ta gaske ita ce allurar rigakafin cutar shawara, wadda ake nema domin katin tafiya ƙasashen waje: rayayyiyar ƙwaya ce da aka raunana, kuma an hana ta ga mai ciwon taimus, ciki har da mai mayasteniya.

A wurin aiki, ciwon ba ya cikin waɗanda sinadaran majema ko hayaƙin inji ke haddasawa, amma yanayin aiki yana iya sauƙaƙa shi ko ya tsananta shi. Mai shan magani a kan ƙa'ida yakan ci gaba da aikinsa shekara da shekaru idan aka ba shi zangon safe, aka nisanta shi daga tukunyar tururi da bakin injin narka roba, aka bar shi ya riƙa ɗan hutu. Wanda ke ganin abu biyu ba a ɗora shi a kan injin yanka ko motar ɗaga kaya har sai idon ya daidaita. Akwai kuma fiya-fiya da danginta, da ake fesawa a sito da ɗakin kwana. Wannan guba, sinadarin nan mai wargaza asetilkolin da firidostigmin ke riƙewa shi take kamawa, sai dai ita ba ta saki da wuri. Idan suka taru a jiki ɗaya, asetilkolin ya yi ambaliya, yawu da gumi da murɗar ciki su taso, tsoka ta sake mutuwa ta wata hanyar. Ƙwayar firidostigmin kuma awa 3 zuwa 4 take aiki, ana shan ta sau da yawa a yini, don haka batun azumi ana kai shi gaban likita tun watan Sha'aban, a haɗa da tambayar malami a kan rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta bai wa korona. Ƙwayar cutar tana nan tana yawo cikin murar hunturu, sifro da azitiromaisin kuma suna nan a kan kanta. Duk wanda aka tabbatar yana da mayasteniya ya nemi likitansa ya rubuta masa kati mai ɗauke da sunan ciwon, da magungunan da yake sha, da waɗanda ake guje masa, ya ajiye shi a aljihun rigar aiki. Ya nuna shi ga mai kemis, da nas ɗin kamfani, da ungozoma, da likitan haƙori, da mai sa barci kafin tiyata, tun kafin a buɗe kwalba.